Aron Ƙafafun Motar Baba

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma aron ƙafafun motar mahaifina ba ya cikinsu. Wannan kam ko zan tsufa har in manta hanyar gidanmu, ba na jin zai fita daga raina. Har yau in ina tsaye a bakin titi a-kori-kura ta wuce, ba bodinta nake kallo ba, ba kuma direbanta ba. Idona kan ƙafarta yake sauka, kan notin da ke riƙe da ita.

A lokacin ina shekarata ta biyu a jami'a, muna zaune a unguwar Limanti. Ni tun ina ƙarami ba ni da yawan magana. In baƙo ya shigo gidanmu, gaisuwa ma sai na tattaro ƙarfin hali kafin ta fito. Abu biyu aka san ni da su a gida: littafi, da rashin ɓatar da kaya. Mahaifiyata takan ce in aka ba ni ajiyar allura, bayan shekara zan miƙo ta da zarenta. Saboda haka duk lokacin da Baba zai taɓa motarsa, ni yake kira in riƙe masa ƙananan ƙarafa, don ya san ko ɗaya ba zai faɗa cikin rairayi ya ɓata ba.

Motar tasa a-kori-kura ce fara, tsohuwar ƙira, kuma mafi ƙanƙantar daraja a jerin irinta. Babu na'urar sanyi, gilashinta da hannu ake murɗawa, wilinta kuma, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, baƙin ƙarfe ne mara ado. Da ita yake kwasar kaya daga Kasuwar Litinin ya kai shagunan unguwanni. Tun kafin a haife ni yake tuƙi, kuma ko kaza bai taɓa takawa ba. 'Yan kasuwa sukan loda masa kaya su juya su tafi masallaci, ba wanda zai bi shi a baya. Suna yi masa ba'a cewa ko ƙwai ka zuba masa a buhu, lafiya zai kai maka shi. Baba ba shi da gona, ba shi da shago. Wannan sunan shi ne dukiyarsa, kuma shi muke ci.

Baba yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baba Kura kamar yadda ake kiran wan uba a garinmu. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar kakanmu, shi ya kai shi wurin koyon tuƙi. Ban taɓa jin Baba ya ce masa a'a ba, ko a kan abincin da za a ci ne. In Baba Kura yana magana, Baba ƙasa yake kallo, ga furfura a gemunsa. A shekarun da ƙungiyoyin agaji suka cika garin suna hayar motoci, Allah ya buɗa wa Baba Kura. Ya sayi a-kori-kura ta kamfani ɗaya da ta Baba, amma sabuwar ƙira, irin wadda dillalai ke kira ful-ofshin, mai kujerun fata da wilin alminiyom masu ɗaukar ido, ya ba wata ƙungiya haya.

Ana gab da damina Baba ya sayi sababbin tayoyi huɗu, bayan ya daɗe yana tattali. Ranar da aka ɗaura su sai da ya zagaya motar yana danna zanen tayar da babban yatsa, yana murmushi shi kaɗai. Ba a yi mako biyu ba, wata Asabar da hantsi, Baba Kura ya tsaya a ƙofar gidanmu da tasa motar, da wani mai faci a baya riƙe da jak da sifana.

“Wushe, wushe,” in ji shi, irin gaisuwar garinmu, yana karkaɗe babbar rigarsa. “Ƙanena, aro na zo. Mutanen nan za su duba mota kafin su sabunta haya, kuma tayoyina sun suɗe kamar tafin hannu. Ba ni ƙafafunka kwana biyu, in sun gama dubawa in dawo maka da su.”

Baba ya ce, “Yaya, ko tayoyin kawai za a ciro a sa maka?”

Mai facin ya ce ba zai yiwu ba, wilin Alhaji ya fi na Baba girma, taya ba za ta hau ba. Sai dai a musanya ƙafa gaba ɗaya, wili da tayarsa. Baba Kura ya durƙusa da ƙyar ya ƙirga ramukan wilin Baba, ya je ya ƙirga nasa, ya miƙe yana dariya. “Shida nan, shida can. Kamfani ɗaya. Motocin ma wa da ƙane ne kamar mu.”

Aka kafa jak. Baba ya aike ni na ɗauko tasa biyu a madafi, ɗaya ta notin motarmu, ɗaya ta notin Baba Kura, na zauna a kan dakali ina karɓa ina zubawa. A nan ne na lura da abin da har yau yake hana ni sukuni. Notin ba iri ɗaya ba ne. Namu gajeru ne baƙaƙe, bakinsu a fiƙe kamar kan fensir, kuma kowane rami a wilin ƙarfe an yi masa ɗan gurbi daidai wannan fiƙar, noti ya shiga ya zauna daram. Na Baba Kura kuwa dogaye ne farare, kowanne da siririn wuya mai shigewa cikin ramin, da ɗan faifan ƙarfe, wanda makanikai ke kira wosha, mai danne wilin a shimfiɗe. Na duba ramukan wilin alminiyom, na ga bakinsu a shafe yake, babu gurbi ko kaɗan.

Na ɗauki notinmu ɗaya na ɗora a ramin wilin Baba Kura da ke jingine a bango. Bai zauna ba. Gefen ramin kawai ya taɓa yana rawa, kamar ƙwai a bakin kwalba. Na ɗauki na Baba Kura na gwada a wilinmu, sai na ga a can ƙarshen wuyansa akwai 'yar fiƙa, ya samu gurbi ya zauna. Daga baya na karanta cewa da gangan masu ƙera motar suka yi haka, domin wilin safayar tayarta na ƙarfe ne. Ma'ana dai motarsa za ta riƙe ƙafafunmu lafiya da notinta, tamu ce ba za ta riƙe nasa da namu notin ba. Maganin kuwa yana nan a cinyata cikin tasa biyu: a musanya notin kamar yadda aka musanya wilin, kowa ya tafi lafiya.

Na daure na buɗe baki. Na farko ma ba wanda ya ji ni. Na sake cewa, da ɗan ƙarfi, “Baba Kura, ina ganin ya kamata noti ya bi wilinsa. Namu ba ya zama a ramin naka.”

Ya juyo ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. “Kai, ashe Farfesa yana da murya! Ƙanena, ka ji, yau mun samu injiniya a gida.” Ya sa hannu a tasar ya ɗauki notinmu ɗaya, ya murza shi, ya nuna wa kowa jan tsatsar da ta ɓata masa yatsa. “Wannan zan ɗaura wa motar da mutane za su zagaya suna leƙawa har ƙarƙashinta? Su ga tsatsa su ce ban kula da mota ba? Ɗana, koma wa littafinka.”

Na dubi mai facin ko zai taimake ni. Ya dubi notin, ya dubi Alhajin da zai sallame shi, ya ce, “Noti ai noti ne, in ya ɗauru ya ɗauru.” Kuma abin takaicin, ya ɗauru ɗin. Zaren ƙusoshin motocin biyu iri ɗaya ne, notinmu ya bi ya shige salin-alin. Mai facin ya hau kan sifana da ƙafa yana dannawa har tana ƙara. Wanda duk ya gani zai rantse ko giwa ba za ta girgiza ƙafar nan ba. Baba dai ya kalle ni sau ɗaya, irin kallon da ke cewa ya isa haka. Baba Kura ya ja motarsa da sababbin tayoyinmu da fararen notinsa ya tafi, ya bar tamu tsaye a kan wili masu ƙyalli da tayoyi suɗaɗɗu, kamar tsoho sanye da takalmin ango.

Yaran unguwa sun yi ta murna, wai motar Baba ta yi kyau. Ni kuwa washegari bayan sallar asuba na ɗauki sifana na bi notin ɗaya bayan ɗaya. Suna nan da ƙarfinsu. Baba ya fita aiki ya dawo. Da safiya ta sake yi na koma, sai na ji wasu a ƙafar baya ta hagu sun ɗan ba da kai. Na shafa gefen ramin, yatsana ya fito da wani gari fari mai ƙyalli kamar toka. Notin ne yake cin alminiyom ɗin a hankali, duk abin da ya ci kuma sai ya samu wurin motsi. Na kai wa Baba yatsan nawa yana zaune a tabarma yana shan shayi. Ya kama hannuna ya kai kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ƙafafun mota ba sai an yi masa dogon bayani ba.

“Kwana biyu ya ce,” in ji shi. “Ka riƙa ɗaurewa kullum.”

Kwana biyu ya zama mako. Baba ya rage ɗaukar kaya masu nauyi, ya koma kwalayen sabulu da bandiran atamfa, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Da makon ya wuce, shi da kansa bai iya zuwa ba, sai ya aike ni. Ko a aiken ma cewa ya yi, “Ka je ka gaishe shi. In ya yi maganar ƙafa, to.”

Na sami Baba Kura a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a farfajiyar gidansa. Na gaishe shi, bai yi maganar ƙafa ba. Ni na yi. Ya ce alhamdulillahi mota ta ci jarrabawa, har sun tura ta wani gari da ma'aikatansu, kuma hanyar can ba a binta sai da rakiyar sojoji, ba shi da ikon kiran ta. “In ta dawo,” in ji shi. Na ce to ko notin kawai za a samu. Ya kwashe da dariya. “Noti a aljihuna yake? Kai yaron nan, karatu zai taɓa maka kai.” Ina fita na hango wani abu a gefen katanga: tsofaffin jaridu a shimfiɗe, a kansu da'ira huɗu na farin fenti, ga gwangwanin feshi a yashe. Baƙaƙen wilinmu ya sa aka fesa wa fenti don su dace da motarsa. A nan gabana ya faɗi. Mai niyyar mayar da kayan aro ba ya yi masa fenti.

Na ce wa Baba mu sayi notin da ya dace. Amsar da ya ba ni ita ce irin wadda sai ɗan gidanmu zai gane. Ya ce, “Ƙafafun aro za mu saya wa noti? In Yaya ya ji, cewa zai yi mun fitar da rai zai dawo da namu. Ka ga kamar mun kira shi maƙaryaci ke nan.” Wannan karon ban yi masa biyayya ba. Na zagaya shagunan kayan mota a ɓoye, da zanen notin da na yi a takarda. Duk inda na je sai a zubo mini masu fiƙa irin namu, don su ne ake yawan nema. A ƙarshe wani ɗan kudu mai shago ya gane abin da nake nufi, ya ce ba shi da su amma zai sa a sako masa a motar kaya mai zuwa. Na ba shi abin da aka ba ni na sayen takardun karatu, na koma ina jira.

Ana cikin haka wani mai sayar da manja, tsohon abokin cinikin Baba, ya samu kaya daga kudu, yana so a kai masa jarkoki rumbunsa da ke unguwar Dala kafin hadari ya sauko. Ya ce ba wanda zai ba wa sai Baba. Na roƙi Baba ya ba da uzuri. Ya ce mutumin nan shekara da shekaru bai taɓa kiran wani direba ba, da wane baki zai ce masa motarsa ba ta da lafiya, alhali kowa na ganin ta tana ƙyalli? Ran nan ina da jarrabawa. Na ɗaure notin da iyakar ƙarfina, Baba ma ya karɓi sifanar ya sake bi. Ya ce, “Je ka, Allah ya ba da sa'a. A hankali zan tafi.”

Ina fitowa daga ɗakin jarrabawa na kunna waya, sai ga kiran maƙwabcinmu. Bai faɗa mini komai ba sai wurin da zan same su. Na shiga keke mai ƙafa uku. Tun daga nesa na ga taron mutane, na ga titi ya yi jawur daga wannan gefe zuwa wancan. Wata mata a kusa da ni ta dafe ƙirji tana salati, tana cewa wannan jinin mutum nawa ne. Manja ne, amma kafin hankalina ya gaya mini haka, na riga na kutsa cikin taron da gudu. Motar tana kwance a gefenta na hagu, gabanta cikin magudanar ruwa, jarkoki a warwatse, wasu a fashe. Ƙafar baya ta hagu ba ta jikinta. Ƙusoshin da ke riƙe ta sun gutsire kamar an karya rake. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake yi ba. Ƙafar ce kawai ta fice ta wuce shi tana gangarawa, bayan motar ya daki ƙasa, nauyin kaya ya juya ta.

Baba yana asibiti. Kamar kullum gwiwar hannunsa na hagu tana kan taga, kuma a kanta motar ta kwanta. Likitoci sun ceci hannun, ba a yanke ba, amma daga ranar bai ƙara riƙe ko kofin shayi ba, balle sitiyari.

Na koma wurin da yamma na nemo ƙafar. Wasu masu buga bulo ne suka ajiye ta, don a filinsu ta tsaya. Na ɗora ta a keke na kai gida. Ramukan nan shida da na sani a zagaye duk sun zama dogaye kamar ƙwai, bakinsu a cinye. Bayan kwana kaɗan mai shago ya kira ni, wai notina ya iso. Na je na karɓo su a leda, farare tas, masu wuya da wosha. Ban san lokacin da na zauna a bakin shagon mutumin ina kuka ba.

Abin da ya fi hannun ciwo shi ne maganar da ta biyo baya. Tun a barandar asibiti na ji Baba Kura yana gaya wa masu zuwa dubiya, cikin murya mai tausayi, “Na ba shi ƙafafun da suka fi motarsa daraja. To, tsufa ne, ka san ba ya sallama. Noti ne bai ɗaure ba.” Kafin Baba ya baro asibiti maganar ta zagaye Kasuwar Litinin. Mutumin da ake cewa zai kai ƙwai a buhu ya zama tsohon da ya manta ɗaure noti.

Da Baba ya ɗan samu sauƙi, Bulama, wato mai unguwarmu, ya tara mu a zaurensa domin a sasanta da mai manja. Akwai limami, akwai dattawa, akwai Baba Kura a kusa da Bulama, Baba kuma yana gefe da hannu a rataye. Ni na shigo da wilin a kafaɗa, noti iri biyu a aljihu. Ban taɓa magana a gaban mutum fiye da uku ba in ba a aji ba, amma ran nan na nemi izini. Na ajiye wilin a tsakiyar tabarma. Na ɗora tsohon notinmu a rami, kowa ya ga yana rawa. Na sa sabon, wuyansa ya shige, woshar ta kwanta. Na ce tun ranar da aka yi musayar na faɗa, na ce kullum ni nake ɗaurewa, ran haɗarin ma mu biyu muka ɗaure. Limami ya miƙo hannu ya karɓi notin yana juyawa. Mai manja ya ɗago kai ya dubi Baba Kura. Na ga gaskiya ta kusa tsayawa da ƙafarta, saura kalma ɗaya daga bakin Baba.

“Zauna,” in ji Baba.

Na ce, “Baba, ai...”

“Na ce ka zauna.” Sannan ya juya wajen Bulama, idonsa a ƙasa. “Ranka ya daɗe, yaro ne, a yi masa haƙuri. Yaya taimako ya nema, na ba shi da hannuna. Ni ne direba, ni ke da alhakin duba ƙafar motata. Ni ne ban ɗaure da kyau ba.”

Baba Kura ya sauke numfashi ya ce, “Ƙaddara ce, ƙanena, kowa da ranarsa.” Dattawa suka ce haka ne, aka yaba wa Baba da dattaku. Mai manja ya ce ya yafe, aka shafa fatiha. Wani tsoho ya ce mini in kwashe ƙarafana daga kan tabarmar mutane.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka shiga soro ya tsaya, ya dafa kafaɗata da hannunsa mai lafiya. Ya ce, “Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, na sani tun ranar da ka nuna mini yatsanka. Amma shi ya riƙe ni ina maraya. In na kunyata shi a gaban Bulama, ran da na mutu wa zai tsaya a kaina? Wa zai wanke ni?” Na so in ce masa ni zan wanke ka.

Motar ba ta gyaru ba, 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka saye ta. Ƙafafun alminiyom ukun da suka rage Baba Kura ya aiko aka ɗauka, har ɗan aiken yana tambayar ina ta huɗun. Namu kuwa ba su dawo ba, kuma Baba bai taɓa tambaya ba. Ya koma zama a dakalin ƙofar gida. Mahaifiyata ta fara sayar da turaren wuta, ni kuma na riƙa koyar da yaran mutane da yamma har na gama karatu. Wata rana ina wucewa ta wurin da direbobi ke jiran lodi a bakin kasuwa, na ji wani yana ce wa yaron motarsa, “Ɗaure notin nan da kyau, kada ka yi mana irin ta tsohon Limanti.” Suka yi dariya. Ba su san ni ba. Na wuce.

Baba ya rayu shekaru bayan haka, kuma ko sau ɗaya bai fasa zuwa gaida yayansa ranar Juma'a ba, a keke, da hannunsa a cikin aljihun riga. Ran da Allah ya karɓi ransa, Baba Kura yana Abuja wajen neman wata kwangila. Aka kira shi, ya ce a yi jana'iza kada a jira shi. Ni da limami muka wanke Baba. Ni na riƙe hannun nan na hagu, wanda ya ƙanƙance kamar na yaro, na zuba masa ruwa.

Sai ranar sadakar uku Baba Kura ya iso, da buhun shinkafa a bayan motar nan tasa, wadda ƙungiyar ta daɗe da sallama. Ya zauna a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, yana gaya wa mutane irin yadda ya riƙe marigayi tun yana ƙarami. Ni kuwa na fita waje na tsaya kusa da motar. An canza tayoyi, amma wilin namu ne. Farin fentin ya fara ɓarewa, baƙin ƙarfen yana leƙowa ta ƙarƙashi, har da 'yar lotsawar da na sani a ɗayansu tun ina firamare. Fararen notin nan suna nan a kai, sun riƙe su gam, suna ƙyalli a rana.

Abin da wannan al'amari ya koya mini, da ɗaci na koye shi. Ban daina girmama na gaba da ni ba, haka aka tarbiyyantar da ni, kuma haka nake tarbiyyantar da 'ya'yana. Amma na gane cewa kunyar da za ta sa ka hau abin da ka san zai kayar da kai ba ladabi ba ce, kuma wanda kake rufa wa asiri da naka mutuncin ba lalle ne ya zo ran da kake jiran sa ba. Na gane kuma ramuka su zo daidai ba shi ne dacewa ba, ko a mota ko a tsakanin 'yan uwa. Sai an duba wane ne ya zauna daram, wane ne ake ci a hankali. Ledar notin nan tana nan a ɗakina, ba a taɓa ɗaura su a kan komai ba. Ƙanena in ya zo gaishe ni yakan sunkuyar da kai kamar yadda Baba yake yi, ni kuma nakan ce masa ya ɗago ya dube ni, in kuma na roƙe shi abin da zai cuce shi, ya ce mini a'a tun jak bai ɗaga mota ba.